Me Ya Sa Ɓawon Ƙwai Ke Yin Laushi?

Ɓawon kowane ƙwai yana ɗauke da kusan giram 2 na sinadarin kalsiyam, shi ya sa kaza mai ƙwai ke buƙatar kimanin giram 4 a abincinta kullum. Masara da dusa kaɗai ba sa wadatar da ita. Idan ta rasa, sai jikinta ya ɗebo daga ƙashinta, ƙafafu su raunana, ƙwai ya riƙa fashewa.

Maganin shi ne a haɗa mata da dakakken dutsen farar ƙasa, da garin ƙashi mai samar da fosforas, da ɗan gishiri. A ba ta dutsen mai tsakuwa-tsakuwa da yamma, domin da dare ɓawo ya fi ginuwa. Mai kiwo, kada ka yi ƙwauron wannan haɗi.