Yadda masoya wasannin kwamfuta ke tsara kundin bayanansu a intanet

A watan Fabrairun shekara ta 2013 ne kamfanin Jagex na ƙasar Birtaniya ya sake dawo da tsohon samfurin wasansa na kwamfuta mai suna RuneScape, kamar yadda yake a watan Agustan 2007, bayan wata ƙuri'a da 'yan wasa sama da dubu 400 suka kaɗa ta neman a yi hakan. Daga wannan rana wasan ya rabu gida biyu, akwai sabo akwai tsoho, kuma ko wanne yana da dubban masu buga shi.

Wannan mataki ya faranta wa 'yan wasan rai, amma ya jefa wasu mutane cikin tsaka mai wuya. Su ne 'yan sa kan da tun shekara ta 2005 suke rubuta kundin bayanai a game da wasan, ba tare da ana biyansu ko sisin kwabo ba. Tambayar da ta fuskance su ita ce, ko za a haɗa bayanan wasannin biyu a kundi guda, ko kuwa ko wanne a buɗe masa nasa.

Mene ne kundin wiki?

Wiki wani tsari ne na rubutu a intanet, inda duk mai sha'awa ke iya ƙara bayani ko gyara wanda wani ya rubuta. Wani Ba'amurke mai suna Ward Cunningham ne ya ƙirƙiro shi a shekara ta 1995, ya kuma aro sunan daga harshen mutanen tsibirin Hawai, inda kalmar ke nufin sauri. Kundin Wikipedia da aka buɗe a watan Janairun 2001 shi ne ya fi shahara a cikin masu amfani da wannan tsari.

A shekara ta 2004 Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, da Angela Beesley suka buɗe wani kamfani mai suna Wikicities, domin bai wa jama'a damar kafa kundi a kan duk abin da suke ƙauna. An sauya masa suna zuwa Wikia a 2006, daga bisani kuma ya koma Fandom. A nan ne akasarin kundayen wasannin kwamfuta suka samu matsuguni.

Dalilin da ya sa ake buƙatar irin waɗannan kundaye shi ne girman wasannin na zamani. Wasa guda kan ƙunshi garuruwa da dazuzzuka da makamai da sana'o'i da dubban kayayyaki, kuma kamfanonin da ke yin su ba su cika bayyana yadda komai ke aiki ba. 'Yan wasa ne ke gwadawa, su ƙirga, su rubuta. Sai dai tara bayani abu ne daban, tsara shi yadda mai nema zai same shi kuma wani abu ne daban, kuma a nan ne muhawara ke tasowa.

Me ya cancanci shafi nasa?

Matsala ta farko ita ce ta iyaka. Misalin da aka fi bayarwa shi ne na wasan Pokémon na ƙasar Japan, wanda ya fito a 1996 da halittu 151 da ɗan wasa ke farauta yana horarwa. Akwai lokacin da kusan ko wace halitta take da shafinta a Wikipedia ta Turanci. A shekara ta 2007, lokacin da yawansu ya kai 493, masu gyaran kundin suka yanke shawarar haɗe mafi yawan shafukan zuwa jerin sunaye, aka bar wa kaɗan nasu, irin su Pikachu.

Hujjarsu ita ce, ƙa'idar Wikipedia ta tanadi cewa abu ba ya samun shafi sai idan wasu kafofi masu zaman kansu, kamar jaridu da littattafai, sun yi rubutu mai ma'ana a kansa. Ga ɗan wasa kuwa wannan ƙa'ida ba ta da amfani, domin abin da yake nema shi ne inda zai samu halittar da ƙarfinta da kuma rauninta. Wannan giɓi ne kundin Bulbapedia, wanda masoya wasan suka buɗe a 2005, ya cike. A can ko wace halitta tana da shafinta, ko da yake yawansu ya haura dubu ɗaya a shekara ta 2022.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, ma'aunin da ake amfani da shi ya danganta da wanda ake rubuta wa. Kundin da aka yi wa kowa da kowa yana tambayar ko duniya ta san da abin, na masoya kuma yana tambayar ko ɗan wasa zai neme shi.

Haɗewa ko rabawa

Matsala ta biyu ita ce wadda ta taso wa masu kundin RuneScape. A wasannin biyu akwai garuruwa masu suna iri ɗaya, kamar Lumbridge da Varrock, akwai kuma makamai masu suna iri ɗaya. Amma a watan Nuwamban 2012 kamfanin ya riga ya sauya tsarin faɗa a sabon wasan baki ɗaya, ta yadda takobin da ke da wani ƙarfi a nan ba shi ne ƙarfinsa a can ba. Kazalika babbar kasuwar wasan da ake kira Grand Exchange an buɗe ta ne a Nuwamban 2007, watanni uku bayan samfurin da aka dawo da shi, saboda haka tsohon wasan ya fara ba tare da ita ba, sai a 2015 aka shigar da ita bayan 'yan wasa sun amince.

Da an haɗa komai a shafi guda, mai karatu zai riƙa cin karo da bayanin da yake daidai amma na wasan da ba shi yake bugawa ba. Irin wannan kuskure ya fi ƙarya tsagwaronta wuyar ganewa, kuma yana iya jawo wa ɗan wasa asarar kayan da ya shafe makonni yana tarawa. A sakamakon haka aka buɗe wa tsohon wasan kundinsa na daban a 2013. Lokaci ya gaskata wannan shawara, domin wasannin biyu sun ci gaba da nisantar juna, musamman da yake a tsohon wasan sai 'yan wasa sun kaɗa ƙuri'a kafin a shigar da manyan sabbin abubuwa, har ya samu yankuna da labaran da babu su a sabon.

Masu kundin Minecraft kuwa wata hanya suka bi. Wannan wasa na kamfanin Mojang na ƙasar Siwidin, wanda Microsoft ya saya a 2014 a kan dala biliyan 2.5, shi ma yana da samfuri biyu: Java na kwamfuta, da Bedrock da ake bugawa a wayoyin salula da na'urorin wasa da kuma kwamfuta. Akwai bambanci a tsakaninsu. Alal misali tun 2016 ɗan wasan Java sai ya ɗan dakata tsakanin sara da sara kafin takobinsa ya yi cikakken tasiri, alhali a Bedrock babu wannan sharaɗi. Amma da yake kamfanin na ƙoƙarin daidaita samfuran biyu, kuma abin da ya haɗa su ya fi wanda ya raba su yawa, sai aka bar shafi guda ga ko wane abu, ana sanya alama a duk jimlar da ta shafi samfuri ɗaya kawai. Da wani wasa na daban mai suna Minecraft Dungeons ya fito a 2020, an ware masa sashe na musamman.

Ke nan babu amsa guda da ta dace da ko wane wasa. Rabawa na nufin aiki ninki biyu da kuma rarrabuwar 'yan sa kai, haɗewa kuma na nufin shafuka masu cunkoso. Abin da ake dubawa shi ne ko samfuran suna kusantar juna ne ko suna nisanta.

Bayanin da lokacinsa ya wuce

Matsala ta uku ta samo asali ne daga yadda waɗannan wasanni ke sauyawa a kai a kai. A watan Disamban 2010 kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da wani sabon babi na wasan World of Warcraft mai suna Cataclysm, wanda ya sake fasalin tsofaffin yankunan wasan, ya kuma kawar da ayyuka masu yawa da 'yan wasa suka saba da su tun 2004. Shafuka da dama suka wayi gari suna bayani a kan abin da babu shi.

Goge su shi ne mafi sauƙi. Amma al'adar da ta kafu a manyan kundaye ita ce a bar shafin, a sanya masa sanarwa a samansa cewa an cire abin daga wasan. Amfanin hakan ya bayyana a watan Agustan 2019, lokacin da kamfanin ya dawo da tsohon samfurin da sunan Classic, tsofaffin bayanan suka sake zama abin nema. Baya ga haka, sau da yawa waɗannan shafuka su ne shaidar da jama'a ke iya gani ta yadda wasa yake a da.

Su wa ke yanke shawara?

A bisa al'ada ba shugaba guda ne ke yanke irin wannan hukunci ba. Ana gabatar da shawara a fili, masu gyara su kawo hujjojinsu, a nemi matsayar da akasari za su iya amincewa da ita. Hakan kan ɗauki makonni, wani lokaci ma a rabu baran-baran.

Ko bayan an daidaita a kan tsari, tsugune ba ta ƙare ba, domin akwai batun wanda ke riƙe da na'urorin da kundin ke ciki. A 2010 yawancin masu gyaran kundin WoWWiki sun fice daga Wikia saboda rashin amincewa da sabon fasalin da kamfanin ya ɗora wa shafuka, suka kafa Wowpedia. A 2018 masu kundayen RuneScape guda biyu su ma suka ƙaura zuwa wani gida nasu tare da goyon bayan Jagex, suna kokawa da tallace-tallace da hotunan bidiyon da ake cusawa a saman shafuka. Masu kundin Minecraft sun bi sahu a watan Satumban 2023.

Lasisin da ake rubutun a ƙarƙashinsa ne ya ba su damar kwashe aikinsu su tafi da shi, amma shi ne kuma ya bai wa kamfanin damar ci gaba da riƙe tsohon kwafi. Sakamakon haka mai bincike a Google kan iya faɗawa cikin kundin da masu shi suka yi watsi da shi, ya ɗauki bayanin da aka daina gyarawa. Wannan ne ya sa masu kafa sabbin kundaye suke tattauna batun matsuguni tun da farko, tare da batun iyaka da na rabon shafuka, kafin a kai ga rubuta shafi na farko.