Abubuwan da ya kamata ka sani game da zaɓen ƙarfe a Kankiya da Kusada

Da damina ta ƙarato, manoman Kankiya da Kusada sukan cika maƙera neman garma da fartanya. Wani zai sayi fartanya ta yi masa shekaru, wani kuma kafin a gama noman fari bakin tasa ya naɗe. Sau da yawa ba hannun maƙeri ba ne, ƙarfen ne.

Me ke bambanta ƙarfe da ƙarfe?

Baƙin ƙarfe zalla yana da taushi. Abin da ke ba shi tauri shi ne ɗan sinadarin gawayi da ke gauraye a jikinsa, wato kabon. Rodi, irin wanda kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina ya fara fitarwa a 1982, kabon ɗinsa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa yake lanƙwasuwa, yake kuma karɓar walda. Sifirin mota na da wajen kashi 0.6. Ƙarfen zubi, irin na farantin injin niƙa, ya haura kashi 2: yana jure gugar hatsi, amma ka sauke masa guduma sai ya tsage.

Dalilin da maƙeri ke farautar sifirin mota

A nan gwanintar take. Maƙeri zai zuga wuta har ƙarfe ya yi jajur, ya ɗauko shi da awartaki, ya ƙera bakin gatari, sannan ya ba shi ruwa. Sanyin nan na gaggawa ne ke taurara shi, amma sai idan kabon ya isa. Rodi ko sau nawa ka tsoma shi ba zai yi kaifi mai ɗorewa ba. Tauri kuma in ya wuce kima, bakin ya dinga ɓallewa, don haka gwani kan sake ɗan ɗumama shi. Masu walda na da tasu dabarar: a kara ƙarfe a giranda, in tartsatsin ya yi ta fashewa reshe-reshe, kabon na da yawa.

Tukunyar dalma

Sunan kawai ne, alminiyom ce. Yana narkewa a digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya wuce 1,500, shi ya sa ake iya zuba tukunya da gawayi. Matsalar ita ce tarkacen da ake narkawa, domin in dalmar gaske ta shiga ciki, takan tsatso cikin abinci mai tsami. A ganina, tambayar mai zubi abin da ya narka ta fi tayin kuɗi muhimmanci.

Tsatsa

Kwanon rufi tutiya aka shafa masa. Da ta zaizaye, sai tsatsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa yana da kuromiyom aƙalla kashi 10.5, kuma yana da tsada, don haka a bar shi wa tankin nono da kayan asibiti. Ƙofar gida fenti ya ishe ta.