Fitilar babur ta ɗauke: ina za a fara dubawa?

Da zarar fitilar gaba ta ɗauke, yawancin masu babur shagon kayan gyara suke zarcewa su sayi sabon ƙwai. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuwa a ɗaura sabon ya ƙi kawowa, ko ya yi kwana biyu ya sake ƙonewa, saboda ciwon yana wani wuri daban.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne inda fitilar take shan wuta. A ƙananan babura da dama irin na 'yan acaɓa, wutar ba daga batir take zuwa ba, daga koyil ɗin da ke cikin inji take zuwa. Ganewa ba wuya. In sai an tayar da inji take kamawa, haskenta kuma yana ƙaruwa in an ba da totur, to daga koyil take sha. In murɗa makulli kawai ya isa, batir ne. Mai irin na farko da ya sayi batir don fitila, kuɗinsa kawai ya zubar.

Daga nan sai ƙwan. Na gama-gari shi ne mai volt 12, wat 35/35, kuma lambobin nan biyu suna nufin zare biyu ne a ciki, ɗaya na hasken kusa, ɗaya na nesa. In ɗaya yana kawowa ɗaya ba ya yi, zare guda ne ya tsinke, ko makunnin da ke sauya su ya ci datti. A ciro ƙwan a ɗaga shi sama: zaren da ya ƙone yakan rabu biyu, gilashin ya yi baƙi. Idan halojin ne, kada a kama gilashin sabon da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana.

In duka biyun suka ɗauke lokaci guda, da wuya laifin ƙwai ne. A babur mai shan batir, a leƙa fiyus, yana nan kusa da batirin. In lafiyarsa lau, sai soket ɗin bayan ƙwai da wayar at, wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen babur. Da damina ruwa yakan shiga nan, bakin wayar ya yi kore-kore, ɗan gogewa da sanfefa ya wadatar. Akwai kuma wurin da ake yawan mantawa: wuyan babur, inda damin wayoyi ke lanƙwasa duk sanda aka juya kan. Waya takan karye a ciki, robarta kuwa tana nan garau. A kunna fitila, a riƙa juya kan hagu da dama. In tana kawowa tana ɗaukewa, an kama ɓarawon.

Wanda ƙwansa ke ƙonewa a kai a kai, musamman in ya ɗan taka a titi, ya daina zagin ƙwan da cewa jabu ne. Na'urar daidaita wuta, wadda masu wayarin ke kira rektifaya, ita ce ke hana wutar koyil wuce gona da iri. In ta lalace, totur na hawa wuta na hawa, har zare ya narke. Mita za ta nuna: batir mai lafiya yakan ba da kimanin volt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. Fiye da 15 matsala ce.

Ɗabi'ar da ta fi ba ni haushi ita ce ɗaure fiyus da guntun waya ko takardar kwalin sigari. Fiyus yana yankewa ne don waya ta taɓa jiki a wani wuri. In aka hana shi yankewa, wayoyin ne za su yi zafi su narke, ga su kuma a ƙarƙashin tankin fetur.

Ƙwan LED da ake yayi yanzu yana da haske, amma irinsa da yawa wutar batir suke so. A babur mai shan koyil kai tsaye sai ya riƙa ƙyaftawa ko ya mutu da wuri, sai dai mai wayarin ya sauya masa layi zuwa batir ya sa masa fiyus nasa.