Sorcha: Manhajar da ke yi wa kyamara mafi girma a duniya jarrabawa

Duk mai ɗaukar hoto da waya cikin dare ya san cewa ba duk abin da ke gabansa ke fitowa a hoton ba. Wani abin duhu ya ɓoye shi, wani kuma yana gefen da kyamarar ba ta kai ba. Irin wannan matsalar ce ke damun masana sararin samaniya, sai dai su abin da ya kuɓuce musu zai iya zama dutsen da ke tunkaro duniya.

A shekarar 2013, wani dutse mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a sararin birnin Chelyabinsk na ƙasar Rasha, inda mutum kusan 1,500 suka jikkata, yawancinsu sakamakon tarwatsewar gilasan tagogi. Babu na'urar da ta hango shi, domin ta ɓangaren rana ya ɓullo.

Yanzu idanun masana sun koma kan cibiyar Vera C. Rubin da ke kan tsaunin Cerro Pachón a ƙasar Chile. Kyamarar na'urar hangen nesanta tana da megafiksel 3,200, wato kamar an haɗa wayoyi 64 masu megafiksel 50. A hotunan farko da aka fitar a watan Yunin 2025, ta gano sabbin duwatsu 2,104 cikin sa'o'i kusan goma.

To amma nawa ne suka wuce ba ta gani ba? Amsar wannan tambaya ce aikin Sorcha, manhajar da masana ƙarƙashin jagorancin Meg Schwamb ta Jami'ar Queen's da ke Belfast suka ƙirƙira.

Ana zuba wa manhajar miliyoyin duwatsun bogi, kowanne da girmansa, da launinsa, da hanyar da yake bi wajen kewaya rana. Sai a ba ta jadawalin inda na'urar za ta kalla cikin shekara goma. Daga nan ta bi su ɗaya bayan ɗaya: shin wannan ya faɗo cikin hoton? Haskensa ya isa a gan shi? An gan shi a darare daban-daban har a tabbatar abu ɗaya ne? Wanda ya faɗi jarrabawar, sai a lissafa shi cikin waɗanda suka kuɓuce.

Hasashen Sorcha ya nuna Rubin za ta ga duwatsu sama da miliyan 5 a tsakanin Mars da Jupiter, da kusan 127,000 masu giftawa kusa da duniya.

Idan ainihin sakamakon ya saɓa da hasashen, masana za su gane akwai gyara a fahimtarsu. Manhajar kyauta ce, a buɗe take a GitHub, kuma ɗalibin da ya iya Python zai iya sauke ta ya gwada a kwamfutarsa.