Kirim Uku a Bangon Ɗakin Inna

Ambaliyar shekarar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a masarautar Haɗeja, ba ta ƙyale ɗakin mahaifiyata da ke Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, ba. Ginin ƙasa ne, ruwa ya jiƙa gindinsa har ya zauna. Da Allah Ya hore, ni da ƙannena muka haɗa ƙarfi muka tayar da shi da bulo da siminti, ya zama saura fenti. Kuɗin bokiti biyu masu lita 20 kacal suka rage a hannuna, kuma na san duk launin da na ɗauko, da shi tsohuwa za ta kwana ta tashi shekara da shekaru.

A wani shago a Haɗeja aka shimfiɗa mini katin launuka, idona ya tsaya a kan uku masu kama da juna. Mai shagon ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai duk kirim ne, ɗauki kowanne." Alal haƙiƙa ba ɗaya ba ne. Dukkansu farin fenti ne da aka ɗiga wa launi, amma na farko ya karkata ga ruwan ƙwai, na biyu ga ruwan hoda, na uku kuwa ga ruwan toka. A kan kati mai faɗin ɗan yatsa wannan karkata ba ta fitowa. Sai ta mamaye bango huɗu take bayyana halinta.

Gani ya kori ji. Na roƙi mai fentinmu ya samo ragowar kowanne, ya shafa faɗin kamu guda a bangon gabas da na yamma, shafi biyu, muka bar su suka bushe, domin fentin ruwa yakan sauya kama bayan ya sha iska. Kwana uku ina leƙa su safe, yamma da dare. Da hantsi, mai ruwan toka ya fi kowanne kwarjini, irin wanda ake gani a sababbin gidajen Abuja, har na kusa yanke hukunci. Da la'asar, jan hasken rana ya shigo ta taga ya mayar da mai ruwan hoda kamar an shafa jar ƙasa. Dare ne ya raba gardama. Ƙwan sola da aka fi sayarwa a kasuwanninmu mai farin haske ne da ke ɗauke da shuɗi-shuɗi, wanda akan rubuta 6500K a kwalinsa. A ƙarƙashinsa mai ruwan toka ya mutu murus, ɗaki ya koma tamkar na jinya, shi kuwa mai ruwan ƙwai ya lafa ya zama ruwan madara.

Masu yin fenti suna auna yawan hasken da launi ke mayarwa a kan ma'auni daga 0 zuwa 100, baƙi a ƙasa, fari a sama. Ga mai ƙarfin ido, tazarar maki kaɗan ba komai ba ce. Ga tsohuwar da ke laluben zaren carbinta da asuba, abin dubawa ne, kuma mai ruwan toka ne ya fi sauran shanye haske.

Sai kuma abin da katin ba ya faɗa, wato ƙasar da aka kafa bangon a kai. Dausayin Baturiya, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, albarka ne ga masunta da manoman shinkafa, amma jarrabawa ne ga magini. Ruwa yana kusa, ga kachalla ta toshe hanyoyinsa, sai ya daɗe kwance. Danshi yakan hau bulo daga tushe, ya fito da wani farin gishiri mai kama da kanwa. Mai fentin ya so ya yi wa rabin bango na ƙasa fentin mai, yadda ake yi a ajujuwan makaranta, wai don a riƙa wankewa. Na ƙi. Fentin mai yana kulle danshi a ciki, bayan damina ɗaya ko biyu ya kumbura ya ɓare. Ba banza ba iyayenmu suka riƙe farar ƙasa a ciki da makuba a waje: bango yana numfashi, kuma mata kan sabunta shafen da hannunsu gabanin Sallah. Ƙurar hunturu ma, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, fara-fara ce mai ɗan rawaya. Ta fi ɓoyuwa a jikin launin da ya yi kama da ita.

Duk wannan lissafi nawa, Inna tana zaune a kan tabarma tana kallona. A rana ta uku ta ce a ɗauko mata langa guda daga cikin jerenta, ta kara ta a jikin kowane shafi, ta daɗe a kan na farko.

"Ɗan nan, wannan ne ya yi kama da ɗakina na da," in ji ta. "Sauran biyun ka kai birni."

Washegari na koma Haɗeja na sayo bokiti biyu na mai ruwan ƙwai, na tsaya sai da na ga lambar haɗi ɗaya ce a jikin kowannensu kafin a ɗora su a mota.