Rikicin Iyaka a Sararin Sama: Saƙon Intanet da Na'urar Awon Gona a Kura da Bunkure

Duk wanda ya saba sauraron rediyo a gajeren zango ya san yadda tasha mai ƙarfi kan shigo ta danne raunanniya, har mai sauraro ya yi ta murɗa akwati bai sami abin da yake nema ba. Wannan tsohuwar matsala ce ta sake salo a tsakanin masu sayar da intanet ta iska da masu dogara ga taurarin ɗan'adam wajen gane wuri, wato tsarin da aka fi sani da GPS. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana tushen rikicin, da kuma inda ya shafi noman rani a ƙasar Kano.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam gangarowa yake yi da kansa, daga babbar magudana zuwa ƙanana, har ya kai ga komayen shinkafa da alkama da tumatir. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Idan aka kuskure awon gangara da 'yan santimitoci kaɗan, sai wata gona ta kwana cikin ruwa, ta kusa da ita kuma ta bushe. Irin wannan awo da safiyo kan yi a dā da sarƙa da madubi, yau akan yi shi da na'urar GPS ma. Haka ma awon faɗin gona, wanda bisa gare shi ake lissafin kuɗin ruwa da taki da bashi.

Taurarin GPS suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana sanar da inda yake da lokacin da ya aiko saƙo. Na'urar da ke hannun safiyo takan saurari aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka a hanya, daga nan ta gane inda take tsaye. Lissafi ne mai tsauri ƙwarai, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da kuskuren mita 300 a ƙasa. Bugu da ƙari, kafin saƙon ya iso ya riga ya raunana matuƙa, tamkar raɗa ce daga nesa. Saboda haka ne aka daɗe ana barin zangon da ke maƙwabtaka da shi ga saƙonnin taurari masu rauni irinsa.

A Amurka aka taɓa wannan tsari. A watan Janairu na 2011 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta ba kamfanin LightSquared izini bisa sharaɗi ya yi amfani da zangon megahaz 1525 zuwa 1559 wajen watsa intanet daga turakun sadarwa kimanin 40,000 a doron ƙasa. Babban saƙon GPS kuwa yana kan megahaz 1575.42 ne. Ke nan an kawo mai kiɗan tambari an zaunar da shi a gefen mai sauraron raɗa. Gwaje-gwajen da aka yi a shekarar sun nuna na'urori da yawa suna kurumcewa. Sojoji da masu kula da jiragen sama suka koka, haka ma manoma da kamfanin John Deere mai ƙera taraktoci. A watan Fabrairu na 2012 hukumar ta ɗauki matakin janye izinin, bayan wata uku kamfanin ya karye.

Sai dai fa kamfanin yana da hujjar da ba a raina ta ba. Cewa ya yi shi bai ƙetare iyakarsa ba, na'urorin GPS ne suke kasa kunne a zangon da ba nasu ba. Akwai gaskiya a ciki. Na'urori masu awon santimita, irin na safiyo da na tarakta, da gangan aka faɗaɗa musu kunne, wasunsu ma a cikin wancan zango suke karɓar saƙon gyaran lissafi. Don haka su suka fi cutuwa, ba wayar hannu ba. Bahaushe ya san irin wannan shari'a: mutum ya shekara da shekaru yana bi ta saurar maƙwabcinsa, ranar da mai ita ya zo nomawa sai a rasa mai laifi. Amma a nan masu bin hanyar miliyoyi ne, wasunsu kuma matuƙa jirgin sama ne, shi ya sa hukunci ya karkata gare su. Kamfanin ya dawo da sunan Ligado, a 2020 kuma aka ba shi izini bayan ya rage ƙarfin turakunsa ƙwarai, ya bar tazarar megahaz 23 a matsayin shinge. Duk da haka gardama ba ta mutu ba.

A Nijeriya, zangon da hukumar NCC ta yi gwanjonsa a watan Disamba na 2021 domin intanet na 5G, wanda MTN da Mafab suka saya, yana wajen megahaz 3,500 ne, nesa ƙwarai da na GPS. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa waɗannan turaku laifin kuskuren awon gona a Kura ko Bunkure. Abin lura shi ne rabon da za a yi nan gaba, domin zango dukiya ce mai tsada, kowane ɗaya daga kamfanonin biyu dala miliyan 273.6 ya biya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ita kanta Nijeriya tana da kaya a wannan unguwa ta sararin sama, tun da tauraronta NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a watan Disamba na 2011, yana ɗauke da na'urar aiko da saƙon gyaran lissafi ga masu amfani da GPS.