Sakacin Masu Karnuka Na Jawo Wa Masu Ƙaramin Kiwo Asara

A unguwannin da Hausawa ke zaune a garuruwan kudu, kamar Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo a Badun, da Ama Hausa a Owerri, da wuya a shiga gida uku ba a tarar da akuya a turke ko kaji suna tono a bayan ɗaki ba. Wannan ƙaramin kiwo shi ne asusun talaka, musamman matan aure. Da shi ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake sayen magani, a cikinsa kuma ake fid da ragon suna da na Layya. To, a cikin abubuwan da ke cin wannan asusu akwai wani wanda ba a cika kai ƙararsa ba, watau karnukan da masu su ke saki suna yawo ba mai kula da su.

Yawan sata da fashi ya sa mutane da dama a birane sun koma ajiye kare don gadi, kuma ba irin karen gida da aka saba gani ba. Masu hali suna sayen manyan karnuka na ƙasashen waje, irin su Alsashiyan da Rotwaila da wani ƙato na Afirka ta Kudu da ake kira Bobul, wanda nauyinsa kan wuce kilo 60. Gajeriyar akuyar kurmi kuwa ba ta cika wuce kilo 25 ba. In irin wannan kare ya sami ƙofa a buɗe ya ci karo da ita, kafin a ɗauko sanda aikin gama ya gama.

ME KE SA KARE FARMAKI

Masana dabbobi sun tabbatar da cewa kare daga kyarkeci ya samo asali, kuma har yanzu halin farauta yana cikin jininsa. Abin da ke tayar da wannan hali shi ne gudu. Kaza ta yi fiffika ko ɗan akuya ya zabura, kare zai bi ko da cikinsa a ƙoshe yake. Shi ya sa mai kare da ke rantsuwa cewa karensa ba ya yunwa bai kawo hujja ba. In karnuka suka haɗu biyu ko uku abin ya fi muni, domin suna zuga juna, har su kashe abin da ba za su ci ba.

Akwai kuma laifin reno. Watanni uku na farkon rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da yake koyon wane ne nasa, wane ne baƙo. Kwikwiyon Fulani da ya tashi cikin garke ba ya taɓa ɗan maraƙi ko ɗan tunkiya, shi ne ma mai tsaronsu. Amma wanda aka kulle a keji tun yana ƙarami, ko aka ɗaure da sarƙa a rana yini guda, bai san kowa ba sai mai ba shi abinci. Da dare ya yi sai a kwance shi wai ya yi gadi, alhali katangar gidan da kafa, ko ƙofar ba ta rufuwa. Waɗansu ma da gangan suke hana kare abinci don wai ya ƙara zafi. Waɗansu kuma in karya ta haihu, sai su kwashi 'ya'yan su zubar a bola. Karya na iya haihuwa sau biyu a shekara, cikinta wata biyu ne kacal, don haka nan da nan unguwa ke cika da karnukan da ba su da mai su.

Cizon kare ya fi yadda ake ganinsa a ido. Yakan kama ne ya girgiza, sai a ga 'yan huji biyu a fata alhali a ciki nama ya dagargaje, bayan kwana biyu ko uku ciwon ya ruɓe. Tunkiya mai ciki kuwa ko ba a cije ta ba, korar kaɗai na iya sa ta yi ɓari. Matar da ta yi wata biyar tana jiran haihuwar akuyarta, ko kwana 21 tana jiran kaza ta ƙyanƙyashe, sai ta wayi gari ba uwa ba riba.

Ɓarnar ba ta tsaya ga dabbobin gida ba. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa karnuka suna da hannu a ƙarewar irin namun daji da tsuntsaye 11 a duniya, kuma suna barazana ga waɗansu 188. A ƙasar Niyuzilan, a 1987, an ƙiyasta cewa karya guda ɗaya da ta ɓalle ta shiga dajin Waitangi ta kashe tsuntsayen kiwi kimanin 500 cikin 900 da ke wurin a 'yan makonni.

CIWON HAUKAN KARE

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. An fara rubuta labarinsa a Nijeriya ga mutum a 1912, ga kare kuma a 1925, har yau kuwa bai bar ƙasar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. In ta shiga ta wurin cizo sai ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Da zarar sun bayyana kuwa, kusan ba mai tashi. Akuya da tunkiya da saniya da kyanwa duka suna kamuwa, don haka mai dabbar da ya sa hannu a bakinta don ba ta magani, ko mahaucin da ya feɗe ta da rauni a hannu, shi ma yana cikin haɗari.

Abin takaicin shi ne rigakafin ya daɗe da samuwa. Tun a 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar ya tsira, kuma ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ita aka keɓe tun 2007 don tunawa da yaƙi da cutar. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a can tun 1924, tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar za ta daina yaɗuwa a wurin. Kwikwiyo yana karɓar ta farko yana wata uku, sa'an nan a riƙa maimaitawa kowace shekara.

Wanda kare ya ciza ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko barkono. Shi kuma karen, in an san mai shi, a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa, amma kada wanda aka ciza ya jira kwanakin su cika kafin ya fara allura.

ABIN DA DOKA DA ADDINI SUKA CE

Tun zamanin Turawa akwai dokar karnuka da ta ce a yanka wa kare lasin, a rataya masa lamba a wuya, ta kuma ba hukuma ikon kama wanda aka samu yana gararamba. Dokar laifuffuka ta 1916, wadda jihohin kudu suka gada, a sashe na 343 ta mai da shi laifi mutum ya yi sakaci da dabbar da ke hannunsa har ta jefa rayuwar wani cikin haɗari. Ban da wannan, wanda aka yi wa ɓarna yana da damar neman diyya a kotu. Dokoki dai ga su a takarda, aiki da su ne ya yi ƙaranci, domin a yawancin unguwanni an manta rabon da a ga ma'aikacin ƙaramar hukuma ya tambayi wani takardar allurar karensa.

A Ingila tun 1953 aka yi doka ta musamman a kan karen da ya kori ko ya ciji dabbobin kiwo, mai shi ne ake gurfanarwa. Daga 2016 kuma aka tilasta sa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai nuna sunan mai shi, don kada wani ya yi musu in karensa ya yi ɓarna.

Musulunci ma bai bar zancen ba. Ya yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Sai dai malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya ajiye kare mai cizo, aka gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, to abin da karen ya ɓata yana wuyansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

KADA A ƊAUKI DOKA A HANNU

Sau da yawa wanda aka kashe wa akuya sai ya huce ta hanyar sa guba a nama ya jefa bakin hanya. Wannan ɓarna ce a kan ɓarna. Gubar ba ta san karen da ya yi laifi ba, takan kashe kajin maƙwabta da kyanwa da ungulu, yaro mai wasa a ƙasa ma bai tsira ba. Kashe dabbar wani kuma laifi ne da zai mai da mai gaskiya ya zama wanda ake tuhuma.

Akwai wani dalilin kuma. A waɗannan unguwanni sau da yawa mai kare da mai akuya ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, don haka ƙaramar magana na iya sauya kama. Rikicin kasuwar Shasha a Badun, a watan Fabrairu na 2021, wanda ya ci rayuka da shaguna, daga 'yar taƙaddama tsakanin mutum biyu ya faro. Hanya mafi kyau ita ce a ɗauki hoton ɓarnar, a nemi shaidu, a kai maganar gaban Sarkin Hausawa da Baale ko ƙungiyar masu gidaje ta unguwa. In sulhu ya gagara, ga 'yan sanda ga kotu.

Su ma masu kiwo da nasu gyaran. Akuyar da aka saki ta shiga lambun wani ta cinye masa alayyafo ita ma ɓarna ta yi, kuma mai ita ba zai ji daɗin kai ƙarar kare gobe ba. A yi garke mai ƙofa, a ɗaga akurkin kaji daga ƙasa, a mayar da dabbobi gida kafin magariba.

Nauyi mafi girma dai yana kan mai kare. Ya toshe kafar katangarsa, ya ciyar da karensa, ya yi masa allura ya adana takardar, ya riƙe shi da igiya in za a fita, mai zafi kuma a sa masa takunkumi. Wanda ba ya son 'ya'ya ya kai wa likitan dabbobi ya yi wa karen fiɗiya ko ya juya wa karyar mahaifa. In kuma tsautsayi ya faɗa, ya biya mai dabba ba tare da ja-in-ja ba. Ƙananan hukumomi kuwa su farfaɗo da yankan lasin, su haɗa kai da ma'aikatar gona a riƙa bin unguwa-unguwa da allura. Ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare, Nijeriya kuwa ba za ta kai ga wannan ba sai kowane mai kare ya san inda karensa ya kwana.